Ta ina ake haɗa rediyolojin zura bututu da koyarwa a jami'a?

Ɗan Idi-Araba:
Assalamu alaikum, manyanmu. Ina tsakiyar horon ƙwarewa a sashen hoto na asibiti a nan Legas, kuma hankalina ya karkata ga reshen da ake zura siririn bututu ta jijiyar matsematsi, a yi wa majinyaci aiki ana kallon allo ba tare da an yanka shi ba. Burina in haɗa shi da koyarwa. Wace hanya ake bi, kuma digirin digirgir wajibi ne?

Dakta Agege:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka fara cin jarrabawar kashi na ɗaya da na biyu ta kwalejin ƙwarewar likitoci ta ƙasa da ke Ijanikin, ko ta kwalejin tiyata ta Afirka ta Yamma, domin da wannan shaidar jami'a take ɗaukar likita malami, asibitin koyarwa kuma ya naɗa shi kwansoltan, wato babban likita ƙwararre. Horon hannu yana biyo baya, galibi a waje. Asibitin Muhimbili na Tanzaniya ma ya buɗe nasa a 2018. Hawa zuwa farfesa kuwa, da takardun binciken da ka wallafa ake aunawa, ba da yawan jijiyoyin da ka buɗe ba.

Hajiyar Obalande:
Dakta ya faɗi gaskiya, amma kada ka zauna jiran babban injin ɗaukar hoton jijiyoyi, domin ba kowane asibiti yake da injin da ke aiki ba. Dabarar da wani likita mai suna Seldinger ya fito da ita a Suwidin a 1953 ita ce tushe: a soka allura, a zura waya ta cikinta, a zare allurar, sannan bututu ya bi wayar. Da na'urar sikanin kaɗai za ka iya zuƙe fitsarin ƙodar da ta toshe, ko ka ɗebo tsokar hanta don gwaji, kuma masu ciwon hanta ba su yanke mana. Ka riƙa rubuta kowane majinyaci da yadda ya ƙare, har da wanda ya kasa sayen bututun saboda da dala ake shigo da shi. Daga wannan kundin takardunka za su fito.

Malam Ikeja:
Hajiya, ba a amsa maganar digirgir ba. Takaddama ce da ba ta mutu ba tsakanin likitoci da hukumomin jami'o'i, musamman wajen neman shugabancin jami'a. Ɗan Idi-Araba, ka karanta sharuɗɗan ƙarin girma na jami'ar da kake nufi tun kafin ka zaɓi batun kundin bincikenka na jarrabawar kashi na biyu.