Ya kuke tantance manhajar wasu kafin ku saka ta a distro?

Salam 'yan uwa, don Allah masu harkar Linux ku agaza min. Muna da ɗan ƙaramin distro, wato namu nau'in Linux, da muka gina a kan Debian, duk 'yan sa-kai ne mu, mutane kuma sai turo mana manhajojin da ba mu muka rubuta ba suke yi wai a saka a ma'ajiyarmu. To akwai wata da ta tsaya min a rai, lintian (manhajar da ke duba kurakurai a fakitin Debian) bai kama komai ba, lasisinta GPL ne (wanda ya ba da damar gyara ta da rarraba ta), tana aiki lafiya lau, amma fayil ɗin tar (ƙunshin kod ɗin) da mai ita ya saki bai yi daidai da abin da ke git ɗinsa (inda yake ajiye kod ɗin da tarihin gyare-gyarensa) ba, akwai ƙarin fayilolin autotools (kayan shirya gina manhaja) a cikin tar ɗin. Na san da yawa haka suke zuwa, amma tun abin da ya faru da xz, manhajar matse fayiloli, a Maris 2024, inda ɓangaren da ke kunna mugun kod ɗin yana cikin tar na 5.6.0 da 5.6.1 amma babu shi a git, gaskiya hankalina ba ya kwanciya.

Na koma ginawa daga git da autoreconf (mai samar da fayilolin autotools ɗin), sai ga wata matsalar, duk ginin da na yi hash ɗin (lambar da ke nuna ko fayiloli biyu iri ɗaya ne) daban yake fitowa. Na sa SOURCE_DATE_EPOCH don lokacin da ake rubutawa a ginin ya daina canzawa, duk da haka diffoscope (mai kwatanta fayiloli) na nuna bambanci, kuma na rasa daga ina yake zuwa.

Ku da kuka daɗe a aikin nan, daga git kuke ginawa ko tar? Idan mai manhajar bai sa hannun GPG (sa hannun dijital da ke tabbatar da cewa daga gare shi fayil ɗin ya fito) ba fa, ƙin karɓa kuke yi gaba ɗaya?