Yaron da ba ya zama wuri ɗaya: abin da masana suka tattauna a Kaduna

A wani zama na likitoci da malaman makaranta a Kaduna kan larurar ADHD, wato ƙarancin natsuwa da yawan ƙiriniya, an fara da cewa ba kowane mai rawar kai ne ke da ita ba. Sai alamun sun bayyana kafin shekara 12, sun kai wata 6, kuma ana ganinsu aƙalla a wuri biyu, misali gida da islamiyya. A duba ji da gani da barcin yaron, domin wanda ba ya jin malami sosai ma haka yake zama.

Bulala ba ta magani, sai ƙara taurin kai. Nan aka fi daɗewa. A ba yaron umarni ɗaya tak, ido cikin ido, ya maimaita da bakinsa. Aikin gida a yanka shi minti 10 zuwa 15, a huta, a dawo. A aji ya zauna gaba, nesa da taga, a riƙa aikensa goge allo don ya motsa jiki. Yabo kuwa nan take, ba sai dare ba.

Ƙasa da shekara 6, horar da iyaye ake fara yi. Maganin Ritalin yana taimakawa, amma yana rage cin abinci da barci, shi ya sa ake sha da safe bayan karin kumallo, ana auna nauyi da tsayi da bugun jini. Likita kaɗai ke rubuta shi. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa na duba irin waɗannan yara.