Muzuruna ya hana sabon ɗan muzuru sakat

Assalamu alaikum. Ina da muzuru ɗan shekara 3 wanda ya daɗe yana zaune lafiya da kyanwata mace, amma tun da na kawo ɗan muzuru mai wata 7, makonni 6 ke nan, zaman ya lalace. Babban yakan tare ƙofa, ya kwantar da kunnuwa yana gurnani, kuma sau biyu ya ciji ƙaramin a wuya har jini ya fito. Abin da ya fi damuna shi ne fitsarin da yake fesawa a tsaye, jela tana karkarwa, a jikin labule, warin kuma ya ƙi fita ko da sabulu.

Na raba musu kwanon abinci da kaskon yashi, na killace ƙaramin kwana 10 ina musanya tsumman kwanciyarsu domin su saba da warin juna, amma ina buɗe ƙofa faɗan ya dawo sabo. Likitan dabbobi bai ga ciwon mafitsara ba, sai dai duk cikinsu babu wanda aka yi wa fiɗiya.

Shin idan aka fiɗiye su yanzu, muzurun da ya riga ya girma haka zai daina wannan hali?