Mil 20 ko mil 30: me kuke gani a titunan unguwanninku na Wales?

Mai buɗe zance: Assalamu alaikum jama'a. Tun ranar 17 ga Satumba 2023 da gwamnatin Wales ta rage gudun mota a cikin gari daga mil 30 zuwa mil 20 a awa, wajen kilomita 32 ke nan, cacar baki ba ta lafa ba. Kusan mutum 470,000 suka sa hannu a takardar koke zuwa Senedd, majalisar dokokin Wales. Da Ken Skates ya zama ministan sufuri na Wales a 2024 sai ya ce a saurari jama'a, aka fitar da sabbin ƙa'idoji a watan Yuli, aka bar wa ƙananan hukumomi 22 su bi titi-titi su duba wanda za a mayar wa 30. Wrexham ta amince da tituna 52, Cardiff kuwa huɗu kacal ta ware. Masu hawa titi kullum, me kuka gani da idonku?

Mai kula da tsofaffi gida-gida: Wa alaikumus salam Malam. Ni fa abin a jikina yake. Aikina shiga wannan gida, fita wancan: in ba wannan tsohuwa magani, in ɗumama wa wancan tsoho abinci. Jadawalin da ake ba mu yana ware 'yan mintuna tsakanin gida da gida, kuma da dokar ta canja ba wanda ya ƙara mana ko minti ɗaya. Lattin gida ɗaya ba komai ba ne, amma haka yake taruwa. Kafin azahar sai ka iske wata baiwar Allah zaune gaban taga da kofin shayin da ya huce, tana jiran mai ɗaga ta. A cikin unguwa ban damu da 20 ba, dama da motocin da ake ajiyewa hagu da dama wa zai wuce haka? Wanda ke ci mini rai wani dogon titi ne da ya ratsa tsakanin rumbunan kaya, ba gida, ba makaranta, ba ko kare. Kina tafe kamar mai rakiyar amarya. Irinsa ya kamata a fara gyarawa.

Maman 'yan biyu: Sannu da ƙoƙari Yaya, Allah ya biya. Amma don Allah kada gyaran ya iso ƙofar makarantarmu. Da can sai na damƙe hannun yaran nan har su yi ƙara kafin mu tsallaka. Yanzu direba na hango mu daga nesa, har ka ga fuskarsa, ya ɗaga maka hannu ka wuce. Kuma alƙaluman gwamnati na shekarar farko sun nuna waɗanda suka mutu ko suka ji mummunan rauni a titunan 20 da 30 sun ragu da kusan mutum 100. Ko ɗaya daga cikinsu ɗan wani ne.

Ɗalibi mai sabon lasisi: Ni tsorona makin laifi da ake sa wa lasisi. Lasisin Najeriya wata 12 kawai yake yi maka aiki a nan, sai ka ci jarrabawarsu. Bayan ka ci, in ka tara maki 6 cikin shekara biyu na farko, an soke lasisin, ka koma farko. Kamu ɗaya da wuce ƙa'idar gudu kuwa maki 3 ne da tarar fam 100, sai in an yi maka tayin kwas ɗin wayar da kai a madadinsu. Sau biyu ke nan, shi ke nan. Ga rikicin alamu: a Wales in ka ga fitilun titi a jere ba allo, 20 ne. Ka tsallaka Chester da ke Ingila, fitilun nan dai, amma 30. Yanzu kuma da ake mayar da wasu tituna, manhajar taswirar wayata na faɗin abu ɗaya, allo na faɗin wani.

Baba mai tasi: Yaro, allo za ka bi, waya ba ta zuwa kotu. Ni damuwata na baya ne. Kana riƙe da 20 da tsakar dare, wani ya manne maka a gindi yana watsa maka fitila. Fasinja ma ya riƙa leƙen mita yana tsaki, wai da gangan nake jan tafiya.

Mai buɗe zance: Baba, Allah ya ƙara haƙuri. Akwai wanda ya taɓa rubuta wa hukuma kuwa, ko duk a nan muke ƙorafinmu?

Ma'aikaciyar jinya: Ni na rubuta, lokacin da ƙaramar hukumarmu ta buɗe karɓar ra'ayi. Abin da na lura, ba sa sauraren “a soke dokar nan”, don ba hurumunsu ba ne, ta gwamnatin Wales ce. Sunan titi suke so, daga wace mahaɗa zuwa wace, da dalili: akwai makaranta ko asibiti a kusa? Gidaje nawa ke fuskantar titin? Masu ƙafa da masu keke na yawan bi? Ko sun yarda, sai sun buga sanarwar doka, a ba da aƙalla kwana 21 don masu adawa su yi magana, sannan a zo batun sauya alluna. Shi ya sa abin ke jan ƙafa. Sannan manyan hanyoyin da suka haɗa garuruwa ba na ƙaramar hukuma ba ne, kada mutum ya ɓata takardarsa. Maƙwabtana Turawa ƙungiya suka yi, masu so da masu ƙi, kowa da jerin sa hannunsa. Namu mutanen ban ga ko ɗaya ba.

Mai kula da tsofaffi gida-gida: To Anti, ni da ke kan bizar aiki, in na rubuta ba zai jawo mini wata magana ba?

Ma'aikaciyar jinya: Ba ruwansu da biza, ra'ayin mazauna suke nema. Lambar unguwa da sunan titi kawai fom ɗinmu ya tambaya. Ki turo mini sunan titin rumbunan nan ta akwatin saƙo, mu duba ko yana cikin jerin da suka fitar.