Yaya ake wuce mutum a burtali ba tare da an yi karo ba?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mu samarin ƙauyenmu a gefen Rano muna tseren keke ranar Juma'a bayan la'asar. Hanyar tana bi ta gindin dutse, ta faɗa burtali, ta ratsa wani busasshen rafi mai yashi. Matsalata burtalin nan. Keke ɗaya yake ɗauka, dama shingen ƙaya, hagu gonar mutane. Akwai wanda kullum yake riga ni shiga, kuma na fi shi gudu, amma ya tare hanya har mu fito. Dole ne ya ba ni hanya, ko ni zan san dabarata?

Mai gyaran keke a bakin kasuwa:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, kafin maganar haƙƙi ka riƙe wannan: in tayarka ta gaba ta goga tasa ta baya, kai ne a ƙasa, shi ko juyowa ba zai yi ba. Kekunan da ake kawo mini da lanƙwasasshen wili, yawanci na masu bin baya ne. Ka bar tazarar tsawon keke guda tsakaninku, kuma ka daina kallon tayarsa, ka kalli gaba da kafaɗarsa.

Wani malamin makaranta daga Birnin Kudu:
Wasan yana da doka a duniya. Tun 1996 a Atlanta tseren keken hawan dutse ya shiga gasar Olamfik, kuma ƙa'idar UCI, hukumar tseren keke ta duniya, ita ce kada mutum ya tare wanda ya fi shi gudu da gangan. Sai dai a bambanta abu biyu. Wanda aka zagayo aka tarar da shi a baya, shi zai kauce. Wanda kuke neman matsayi ɗaya da shi kuwa ba a ce ya tsaya maka ba, an dai hana shi karkatowa ya rufe ka. Shi ya sa za ka ga ƙwararru suna zuba ƙarfinsu tun daga tashi, kowa na son ya riga shiga matsattsen wuri.

Mai tambaya:
To Malam, ai rufe ni yake yi. Da na ce "ga ni ta dama" sai ya koma dama.

Wani daga Tudun Wada:
Hhh, to ka gaya masa inda zai tare ke nan. Ni ban yarda da yawan sanarwa ba in da mai taurin kai kake. Ka bar shi da burtalinsa, ka huta a bayansa, ka jira rafin. A yashi ake gane mai feda. Ka sauko da giya tun kafin ku shiga, ka mayar da nauyinka baya, kada ka taɓa birkin gaba, kada ƙafarka ta tsaya. Yawanci nan suke sa ƙafa a ƙasa. Rafin yana da faɗi, ka ɗauki layinka daban da nasa, inda shanu ba su tattake ba.

Malamin makaranta:
Ka dai yi magana ko ka kaɗa ƙararrawa. Wucewa shiru ita ke kawo karo, kuma laifin na mai wucewa ne.

Wani dattijo manomi:
Yarana, ba wanda ya ambaci gonar hagun nan. Yanzu gero ya fi tsayin mutum, ba ku ganin mai tahowa, ga yara masu kai abinci gona, ga jakuna. Ranar da ɗayanku ya kwanta a gyaɗar wani don ya wuce abokinsa, gaban mai unguwa za a ƙare. Ku jira kaka a girbe, fili ya buɗe.

Mai gyaran keke:
Gaskiya ne Baba. Amma bayan girbi ku yi hattara da tushiyar kara, tana huda taya fiye da ƙayar aduwa. Ka zo da keken in duba maka birkin baya da kaca kafin Juma'a.