Sakamakon STAAR na makarantar yarona ya ɗaga min hankali, mu canja unguwa ne?

Maman_Ammar:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Dan Allah masu yara a firamare a nan Amurka, musamman ƴan Texas, ina neman shawara. Yarona zai shiga aji uku bana, shekarar da zai fara rubuta STAAR kenan, wato jarabawar da jihar Texas ke yi wa ɗalibai duk shekara, sai wata maƙwabciyata ta turo min shafin da hukumar ilimi ta jiha ke saka sakamakon makarantu, na duba tamu wlh gabana ya faɗi, ko rabin yaran ba su kai matakin ajinsu ba a lissafi, karatu ma dai da sauƙi-sauƙi, kuma C aka ba makarantar a ma'aunin A zuwa F. Abin da ya ɗaure min kai shi ne yaron yana son makarantar sosai, malamarsa ta bara mutuniyar kirki ce kullum tana turo min saƙo kan abin da suka yi, kuma yanzu yana ɗaukar littafi ya karanta da kansa. Hayar gidanmu ta kusa ƙarewa, Baban Ammar ya dage mu koma unguwar da makarantarta ke da A ko da kuɗin haya ya fi yawa, ni kuma hankalina ya rabu biyu. Da gaske lambobin nan suna nufin ba a koyarwa a makarantar?

Malam_Aji4:
Wa alaikumus salam Maman Ammar. Ni aji huɗu nake koyarwa a nan Texas ɗin. Ki fara duba wanne layi kika karanta, domin STAAR matakai huɗu ne da ita, daga ƙasa zuwa sama, Did Not Meet (bai kai ba), Approaches (ya kusa kai matakin ajinsa), Meets (ya kai), sai Masters (ya ƙware). Wanda ya samu Approaches ya ci jarabawar, amma yawancin iyaye layin Meets suke gani su ɗauka sauran yaran duk faɗuwa suka yi.

Sai babbar maganar. Wannan kason yana gaya miki inda yaran suke a ranar jarabawa, bai gaya miki daga ina suka taso ba. Bara an kawo min wata yarinya a tsakiyar shekara, ko haɗa baƙi da kyau ba ta iya ba, kafin watan Afrilu tana karanta labari mai shafi biyu ta amsa tambayoyi, ranar da ta fara gama sakin layi ita kaɗai sai da ta ɗago kai ta kalle ni don ta tabbatar na ji. A takarda dai Did Not Meet ta samu, ta ja lambar makaranta ƙasa, alhali a ajin nan kaf ba wanda ya yi tafiyar da ta yi. Makarantar da ke unguwar masu hali kuwa yara suna zuwa da karatunsu tun daga gida, ga lesin ga komai, ko malami bai yi wani abin a zo a gani ba lambar za ta yi kyau.

Saboda haka ki koma shafin ki buɗe ɓangaren School Progress, shi ne yake nuna ko yaran sun ƙaru daga bara zuwa bana, kuma yana kwatanta makarantar da wasu masu irin yawan yaran talakawan da take da su. Idan can ɗin ma ƙasa take to gsky akwai matsala. Idan tana sama, malaman suna aiki.

Baban_Twins_Ohio:
Malam na ji bayaninka kuma gaskiya ne amma ni fa ban yarda a raina lambar nan ba. Mu a Ohio aji uku ba wasa ba ne, akwai doka ta musamman kan karatun ƴan aji uku. Kuma ko malami ya kai malami, idan yawancin aji suna baya dole ya tsaya ya jira su, to yaron da ya riga ya iya fa? Zama zai yi yana zane a bayan littafi. Haka ta faru da nawa, aikin gida da ake ba su a minti biyar sun gama, sai da muka canja musu makaranta na san ashe akwai abubuwan da ba su taɓa gani ba. Hajiya ki tambaye su kai tsaye me suke yi wa yaran da suka wuce matakin aji.

Anti_Bronx:
Maman Ammar ƙara da wannan, ki duba yara nawa ne a makarantar masu koyon Turanci. Dokar tarayya ta ESSA da Obama ya sa wa hannu a 2015, wadda ta maye gurbin No Child Left Behind, ta ce duk jiha ta gwada yara a karatu da lissafi kowace shekara daga aji uku zuwa takwas, kuma a fitar da sakamako rukuni-rukuni, masu koyon Turanci daban, masu buƙata ta musamman daban, ƴaƴan marasa ƙarfi daban. To makarantar da ke cike da yaran da ba su daɗe da zuwa ƙasar ba ai dole jimillarta ta sauka, lissafin ma fa yawanci labari ne ake ba yaro da Turanci ya karanta kafin ya san tarawa zai yi ko ɗebewa. Ɗiyar ƙanwata ta iya lissafi ƙwarai amma tambayar ce ba ta ganewa. Ki nemo rukunin da ya yi kama da Ammar ki ga yadda su suka yi, wannan ya fi miki amfani da lambar makaranta gaba ɗaya.

Maman_Ammar:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam na koma na duba, layin Meets ne na karanta kuwa, kuma a School Progress B suka samu. Anti gaskiyarki, masu koyon Turanci suna da yawa a makarantar. Amma maganar Baban Twins ta tsaya min a rai don Ammar ma yakan ce aikin ya yi mai sauƙi. Sannan Malam idan yaro bai ci ba maimaita aji zai yi?

Malam_Aji4:
A'a, tun 2021 Texas ta cire dokar da ta ɗaure wucewa aji da cin STAAR, da ma ƴan aji biyar da takwas ta shafa. Yanzu idan yaro bai ci ba wajibi ne makaranta ta ba shi ƙarin darasi a fannin da ya faɗi. Kuma idan sakamako ya fito akwai shafin iyaye da za ki shiga da lambar sirrin yaronki ki ga makinsa da inda ya yi rauni.

Maganar Baban Twins kuma tana kan hanya, ban musa ba. Kafin ku sa hannu a sabuwar haya ki nemi ganin shugabar makarantar, ki ce a nuna miki sakamakon gwajin karatu da lissafi da aka yi wa Ammar a ƙarshen aji biyu, ki tambaya ko an taɓa gwada shi don shirin yara masu hazaƙa, iyaye suna da damar nema. Ki tambayi kuma malaman aji uku nawa ne suka dawo bana, domin makarantar da malamai ke guduwa duk shekara ita ce ni take ba ni tsoro fiye da mai C. Waccan makarantar mai A ɗin ma ki je ki yi musu irin tambayoyin nan, ku tafi tare da Baban Ammar ya ji da kunnensa.