Yaya baƙin beyar ke ƙoshi da 'ya'yan itace ƙanana haka?

Mai_Neman_Sani:
Assalamu alaikum. Baƙin beyar na Arewacin Amurka, namiji yakan haura kilo 100, amma an ce a watannin Yuli da Agusta kusan duk abincinsa 'ya'yan itacen daji ne da ake kira bulubari da rasbari, abin da bai wuce girman magarya ba. Ta ina wannan zai riƙe dabba mai girma haka?

Malamin_Daji:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Sirrin a yawa yake. Idan daji ya yi albarka, beyar ɗaya kan ci kusan ƙwaya 30,000 a yini. Da leɓɓansa yake tsinka, masu laushi ne suna motsi kamar yatsu, kuma ba ya ɓata lokacin tauna, haɗiya kawai yake yi. Shi ya sa irin ke fita lafiya cikin kashinsa ya tsiro a wani wuri. Yana bambance launi, hancinsa kuma yana kai shi inda suka nuna. Ba kowane kurmi yake tsayawa ba: inda ƙwayoyin suka yi cunkus yake nema, don idan a warwatse suke, wahalar tsinka ta fi ribar.

Sai dai 'ya'yan itacen sukari ne da ruwa, sinadarin gina jiki kaɗan ne. Don haka yake farfasa ruɓaɓɓun kututture yana lasar tururuwa da ƙwansu.

Hajiya_Kimiyya:
Malam ya faɗi gaskiya, amma ga inda matsalar take. Barbara a Yuni da Yuli ake yi, cikin kuma ba ya kamawa a mahaifa sai wajen Nuwamba. Macen da ba ta tara kitse ba, cikin yakan lalace, Janairu ta zo babu haihuwa. Shekarar da sanyi ya makara ya ƙona furanni, ko fari ya busar da 'ya'yan, ita ce shekarar da beyar ke shiga gari yana kifar da kwandunan shara, kuma da yawa a nan ake harbe su.

Ɗan_Gandu:
Ga mai zuwa tsinka a irin wannan daji: ka riƙa magana da ƙarfi, don beyar da ya duƙufa ci ba lallai ya lura da zuwanka ba. A gandun dajin Great Smoky Mountains na ƙasar Amurka doka ta hana kusantarsa ƙasa da yadi 50. Kada ka gudu, yana kai kusan kilomita 50 a awa, bishiya kuma ya fi ka iya hawa. Ja da baya a hankali kana fuskantarsa. Idan ya kawo hari, kada ka kwanta kamar matacce, ka rama, ka nufi fuska da hanci.